Leslie Lamport

Leslie Lamport (an haife shi ranar 7 ga watan Fabrairu, 1941) masanin kimiyyar kwamfuta ne kuma masanin lissafi ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da bincike a kan tsarin kwamfutoci da aka rarraba, wato kwamfutoci masu yawa da ke wurare daban-daban amma suna aiki ɗaya ta hanyar aika wa juna saƙo. Ya samu Lambar Yabo ta Turing ta shekarar 2013, wadda ake ɗauka a matsayin lambar yabo mafi girma a kimiyyar kwamfuta.

Rayuwar farko da karatu

An haifi Lamport a birnin New York. Ya yi digirinsa na farko a fannin lissafi a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts a 1960. Daga nan ya wuce Jami'ar Brandeis, inda ya samu digiri na biyu a 1963 da digirin digirgir a 1972, duka a lissafi.

Aiki

Lamport ya yi mafi yawan aikinsa ne a kamfanoni da cibiyoyin bincike. Ya yi aiki a Massachusetts Computer Associates daga 1970 zuwa 1977, sai SRI International daga 1977 zuwa 1985, sannan Digital Equipment Corporation, wanda kamfanin Compaq ya saya daga baya. A 2001 ya koma sashen bincike na Microsoft.

Agogo da jerin abubuwan da suka faru

Babbar matsalar kwamfutocin da aka rarraba ita ce ba su da agogo ɗaya. Kowace tana da nata, kuma saƙo yakan yi jinkiri a hanya. Idan mutum biyu suka nemi kujera ɗaya ta jirgi daga garuruwa biyu, ta yaya za a san wanda ya riga? A wata maƙala da ya wallafa a 1978 a mujallar Communications of the ACM, Lamport ya nuna cewa ana iya jera abubuwan da suka faru ba tare da dogaro da agogo ba. Kowace kwamfuta tana riƙe da lamba da take ƙarawa duk lokacin da wani abu ya faru, kuma tana liƙa lambar a jikin saƙon da ta aika. Wadda ta karɓi saƙon sai ta ɗaga tata lambar ta zarce wadda ta zo mata. Ta haka, duk abin da ya jawo wani yana da lamba ƙasa da ta abin da ya jawo. Ana kiran wannan dabara agogon Lamport, kuma maƙalar tana cikin waɗanda aka fi ambata a fannin.

Matsalar janar-janar na Bizantin

A 1982, tare da Robert Shostak da Marshall Pease, ya wallafa wani bincike a kan kwamfutar da ta lalace amma ba ta daina aiki ba, sai dai tana aika saƙonni masu karo da juna. Sun kwatanta lamarin da janar-janar da suka kewaye birni, dole su yarda a kan kai hari ko janyewa, alhali akwai maciya amana a cikinsu. Sun nuna cewa idan saƙonnin ba su da sa hannu, ba a cimma matsaya sai masu gaskiya sun zarce kashi biyu bisa uku. Ana amfani da wannan sakamako wajen tsara na'urorin jiragen sama, kuma masu binciken kuɗin kirifto suna yawan komawa gare shi.

Paxos

Paxos hanya ce da ke sa rukunin kwamfutoci su amince da abu ɗaya ko da wasunsu sun mutu, muddin mafi rinjaye suna aiki. Lamport ya bayyana ta cikin labarin wata majalisa ta ƙirƙira a tsibirin Paxos na ƙasar Girka. Ya miƙa maƙalar a 1990, amma salon labarin bai karɓu ba a wurin masu tantancewa, ba ta fito ba sai a 1998. A 2001 ya sake bayyana ta cikin sauƙi. Daga baya kamfanin Google ya gina manhajojinsa na Chubby da Spanner a kanta. Wahalar fahimtar Paxos ce ta sa Diego Ongaro da John Ousterhout suka fito da Raft a 2014.

Sauran ayyuka

Lamport ne ya ƙirƙiri TLA+, harshen da ake bayyana tsarin manhaja da shi ta hanyar lissafi domin a gano kuskure tun kafin a rubuta ta. Injiniyoyin Amazon Web Services sun ba da rahoton cewa ya taimaka musu gano kurakurai masu wuyar gani. Haka kuma shi ya samar da LaTeX a farkon shekarun 1980, manhajar da masana lissafi da kimiyya da nazarin harshe suke tsara rubuce-rubucensu da ita.

Lambobin yabo

Baya ga lambar Turing, ya samu lambar John von Neumann ta ƙungiyar IEEE a 2008. Maƙalunsa uku sun samu kyautar da ake kira Kyautar Dijkstra a yanzu, a shekarun 2000, 2005 da 2014.