Silikon naitiraid: tangaran da ke gogayya da ƙarfe

Silikon naitiraid (Si3N4) wani nau'in tangaran ne na masana'antu, haɗin sinadarin silikon da iskar naitirojin, wadda ake kira azot da Faransanci. Masana biyu, Henri Sainte-Claire Deville na Faransa da Friedrich Wöhler na Jamus, suka fara haɗa shi a 1857.

Ana gasa garin silikon cikin naitirojin a zafin digiri 1300 zuwa 1400. Tun da yake garin da ake samu ba ya narkewa, sai a gauraya shi da ɗan alumina, a matse, a sake gasawa har ya dunƙule. Saboda taurinsa, da daimon ake goge shi, abin da ke ƙara masa tsada.

Nauyinsa bai kai rabin na ƙarfe ba. Ba ya tsatsa, lantarki ba ya ratsa shi, kuma yana jure sauyin zafi na farat ɗaya. Sai dai yana iya fashewa in ya sha bugu mai tsanani.

Ana yin ƙwallayen boris da shi, da bujin dumama injin gazuwal, da bakin injunan yankan ƙarfe. Likitoci ma suna dasa shi a ƙashin baya.