Tarihin Labaran Binciken Kisan da Ya Yi Kwantai

Labarin binciken kisan da ya yi kwantai reshe ne na adabin binciken laifi. A cikinsa masu bincike biyu ko fiye suke haɗa kai su tono wani kisa, ko ɓatan wani mutum, wanda hukuma ta daɗe da jingine fayil ɗinsa. Abu uku ne ke tsayar da irin wannan labari: tsohon laifi, da ma'ajiyar takardu da kayan shaida, da ayarin da kowa a cikinsa yake riƙe da abin da ɗan'uwansa ba shi da shi. Ba a taru a kan mafarinsa ba. Wasu na ɗora shi a kan finafinan talabijin na wajen 2000, wasu na mayar da shi can 1842. Wanda ya bi littattafan da kansu zai ga an ƙera sassan ukun ɗaya bayan ɗaya a Ingila tsakanin 1929 da 1951, aka harhaɗa su a Suwidin a 1968. Gwajin ƙwayar halitta ta DNA daga baya ya zo, ya tarar da gini a tsaye.

Share fage

Masu cewa 1842 suna nufin labarin Edgar Allan Poe ne, The Mystery of Marie Rogêt, wanda ya gina a kan mutuwar wata budurwa mai sayar da taba a New York a 1841. Gaskiya ne an kasa warware lamarin, amma bai wuce shekara guda da 'yan watanni da faruwa ba, kuma mai binciken labarin, Dupin, shi kaɗai ya zauna yana auna rahotannin jaridu. Poe ya share fage ne kawai.

Daga 1929 zuwa 1951

Ayarin shi ya fara bayyana. A 1929 Anthony Berkeley ya fitar da The Poisoned Chocolates Case. An aika wa wani basarake kwalin cakulan a kulob ɗinsa na Landan, ya miƙa wa wani da ke kusa da shi, shi kuma ya kai wa matarsa, ta ci ta mutu. Da 'yan sandan Scotland Yard suka cije, sai aka ajiye maganar a gaban wata ƙungiya ta mutum shida masu sha'awar binciken laifi. Kowannensu ya samu darensa, ya tashi ya kawo hujjar da za a rantse ita ce gaskiya, washegari na gaba ya rushe ta. Darasin da Berkeley ya bar wa na baya shi ne, mai bincike guda, kome kaifin basirarsa, yana iya jera hujjoji su kai shi ƙofar wanda bai ji ba bai gani ba.

Ma'ajiyar kuwa Roy Vickers ne ya ƙirƙiro ta. Ya zana wani sashe na Scotland Yard, Department of Dead Ends, inda ake jibge duk abin da sauran sassa suka ce ba shi da amfani: tsummoki, makullai, wasiƙun da ba a san mai su ba. Labarin farko, The Rubber Trumpet, a kan wata algaitar roba ta wasan yara yake, wadda ta zauna a sashen har ranar da tsautsayi ya haɗa ta da mai kisan. Akwai masu ba wa waɗannan labarai shekarar 1947, lokacin da aka fara tattara su a littafi. Shekarar da ta dace a riƙe ita ce 1934, domin a ita ne labarin farko ya fito a mujallar Pearson's. Da wannan lissafi, sashen 'yan sanda mai kula da kwantan fayil ya rayu a takarda kusan shekara hamsin kafin rundunonin Amurka su fara kafa irinsa da gaske.

Tsohon laifin, da nauyinsa a kan masu rai, aikin Agatha Christie ne. Five Little Pigs ya fito a Amurka a 1942 da sunan Murder in Retrospect, ya fito a Ingila a 1943, shi ya sa ake samun shekarun biyu a rubuce. Wata budurwa da ke shirin aure ta zo wa mai bincike Poirot da wasiƙar da mahaifiyarta ta bari kafin ta rasu a kurkuku, tana cewa ba ita ta sa wa mijinta guba ba. Shekara 16 ke nan da kisan. Babu gawa, babu sawu, kwalbar giyar ma ta daɗe da ɓata. Abin da ya rage shi ne mutum biyar da suke gidan a ranar. Poirot ya bi lauyoyin da suka yi shari'ar da ɗan sandan da ya yi binciken, sannan ya sa kowane cikin biyar ɗin ya rubuta abin da ya tuna. Rana ɗaya ce aka ba da labarinta sau biyar, kowa ya ɗan karkata ta wajen da zuciyarsa ta nufa, gaskiya kuma tana cikin wuraren da labaran suka ƙi haɗuwa. Tun daga nan ya zama al'ada a ce ɗa ko 'ya ko uwar mamaci ce take zuwa ta tayar da maganar da kowa ya so ta bi ruwa.

A 1951 Josephine Tey ta kai abin ƙarshen iyaka da The Daughter of Time. Sufeto Alan Grant yana kwance a asibiti da karaya, sai ya haɗa kai da wani matashin Ba'amurke mai bincike a ɗakin karatu, suka ɗauko zargin da ake yi wa Sarki Richard na Uku na kashe 'ya'yan ɗan'uwansa biyu da suka ɓace a Hasumiyar Landan a 1483. Ɗaya yana da ƙafafu da damar shiga ma'ajiya, ɗaya yana da idon ɗan sanda da ya san shaidar ji-ta-ji-ta in ya gan ta. Wannan rabon aiki shi ne ƙashin bayan duk ayarin da ya biyo baya. A 1990 ƙungiyar marubuta labaran laifi ta Birtaniya ta sa littafin a lamba ta ɗaya cikin ɗari da ta zaɓa.

Stockholm, 1968

Maj Sjöwall da Per Wahlöö sun rubuta littattafai goma a kan ɗan sanda Martin Beck da abokan aikinsa tsakanin 1965 da 1975. Na huɗu, wanda aka sani da The Laughing Policeman, ya buɗe da harbin da aka yi wa fasinjojin wata bas a daren ruwan sama, mutum tara suka mutu, ciki har da ƙaramin jami'in ofishinsu. Sai daga baya suka gano yaron yana bin wani kisa ne a ɓoye, na wata mata 'yar Fotugal da aka kashe shekara 16 da suka wuce, don ya nuna wa manyansa shi ma ya isa. Babu gwarzo guda a littafin. Wani jami'in mai haddar tsofaffin bayanai ne, wani mai haƙurin bin gida-gida, wani mai shakkar duk abin da shaida ya faɗa. Sai da kowa ya kawo nasa aka ɗaga jinkar. A nan ne tsohon laifi da fayil da ayari suka fara zama abu ɗaya a hannun 'yan sanda masu albashi. Littafin ya ci kyautar Edgar a Amurka a 1971.

Zuwan DNA da sauyin doka

A 1984 Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester ya gano hanyar bambance mutum da mutum ta ƙwayar halitta. Aikinta na farko a shari'ar kisa shi ne wanke wani matashi da ya riga ya amsa laifin da bai yi ba, kafin a kama ainihin wanda ya kashe 'yan mata biyu a ƙauyukan yankin, a yanke masa hukunci a 1988. Birtaniya ta buɗe rumbun bayanan DNA a 1995, Amurka ta buɗe na ƙasa a 1998. Daga nan riga mai tabon jini da ta shekara 20 a kwali ta zama shaida mai magana. Dokoki ma sun biyo: Suwidin ta soke wa'adin shekara 25 na tuhumar kisa a 2010, ana saura watanni ya cika a kan kisan Firaminista Olof Palme na 1986, Japan ta soke nata a shekarar, Koriya ta Kudu a 2015.

Talabijin ya kama abin da sauri: Cold Squad a Kanada a 1998, Waking the Dead na BBC a 2000, sai New Tricks da Cold Case a 2003. A littafi kuwa, Michael Connelly ya mayar da ɗan sanda Harry Bosch bakin aiki a The Closers na 2005, shi da abokiyar aikinsa Kiz Rider, a kan kisan wata yarinya 'yar shekara 16 da aka yi a 1988. DNA da aka samu a jikin bindiga ta ba su suna, amma sunan bai zama na mai kisan ba. Sai da suka koma wurin uwar, wadda ta bar ɗakin 'yarta yadda yake tun ranar. A 2007 Jussi Adler-Olsen na Denmark ya fara jerin Department Q, inda aka tura ɗan sanda Carl Mørck ɗakin ƙarƙashin ƙasa na hedikwatar 'yan sandan Copenhagen don a huta da shi, aka haɗa shi da Assad wanda aka ɗauka don shara da dafa kofi. Ma'ajiyar Vickers ce ta dawo, a wannan karo har da mutanen da aka yasar a cikinta. A 2020 Richard Osman ya mayar da ayarin hannun tsofaffi huɗu 'yan fansho masu zama kowace Alhamis, kamar dai ƙungiyar Berkeley.

Koriya ta Kudu

A wajen Turai da Amurka, misalin da ya fi nauyi shi ne fim ɗin Bong Joon-ho na 2003, Memories of Murder, a kan kisan mata goma a Hwaseong tsakanin 1986 da 1991. Jami'ai biyu ne a ciki, na ƙauye da na birni, kuma fim ɗin ya ƙare ba su kama kowa ba, domin a zahiri ma a lokacin ba a kama mai kisan ba. A 2019 DNA ta nuna wani fursuna da ke zaman ɗaurin rai da rai kan wani kisan, ya kuma amsa. Wa'adin tuhuma ya ƙare tun 2006, don haka ba a gurfanar da shi a kansu ba. Amma akwai wani bawan Allah da ya yi shekara 20 a kurkuku kan ɗaya daga cikin kashe-kashen. An sake shari'arsa, a Disamban 2020 kotu ta wanke shi. Hukuncin da mahaifiyar budurwar nan ta Christie ba ta rayu ta ji ba, shi ya tsaya da ƙafafunsa a gaban alƙali ya ji nasa.