Shirun Anka, Gummi da Bukkuyum a Jajibirin Mulkin Kai

Ranar 15 ga Maris 1959 Jihar Arewa ta karɓi mulkin kanta, shekara 56 cif bayan ranar da sojojin Ingila suka ci Sakkwato a 1903. Kafin wannan rana, masu tsohon ƙorafi sun yi ta baje shi a fili. Wasu a Ilori da Kabba sun nemi a haɗa su da Jihar Yamma, jama'ar Filato da Binuwai sun nemi jiharsu, kuma hukumar binciken ƙorafi ta Willink ta saurare su tsakanin 1957 da 1958. To, ina Anka a cikin wannan hayaniya?

Tambayar tana da dalili. Anka ce mazaunin tsohuwar sarautar Zamfara, wadda ta yi ta ƙaura bayan Babari Sarkin Gobir ya ci Birnin Zamfara wajajen 1762. Amma a tsarin Turawa, Sarkin Zamfara na Anka da Sarkin Mafaran Gummi da Sarkin Dankon Bukkuyum duk hakimai ne a ƙarƙashin En'en Sakkwato. In akwai gidan da ya kamata ya ce a maido masa da martabarsa kafin Turawa su tafi, wannan ne. Sai ga shi babbar muhawarar lokacin ta wuce ba da sunansa a gaba ba.

Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce an toshe bakin jama'a. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi: ƙauye ya zaɓi wakilai zuwa gunduma, gunduma ta tura nata sama, har a kai lardi, a kan idon dagaci da hakimi. Mata kuwa ba su jefa ƙuri'a a Arewa ba sai 1976. Wannan bayani yana da ƙarfi, sai dai yana da gurbi. Tsarin nan shi ne a Filato, shi ne a Kano, bai kuwa hana a ji muryar masu adawa a can ba.

Sai maganar hanya. Layin dogo ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, ya bar yammacin Zamfara a gefe. Ta dogo jarida take zuwa, ta nan 'yan kasuwar gyaɗa da auduga da 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU suke kai-komo, kuma a garuruwan tasha ne jam'iyyar ta fi kafa rassa. Na fi karkata nan. Duk da haka akwai abin da ke yi mini cikas: Maru ba garin tasha ba ne, amma a kwalejin horon malamai ta can Malam Aminu Kano ya koyar kafin ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi siyasa. Ashe sababbin ra'ayoyi ba su tsaya a bakin dogo ba. Haka sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945, ƙauyuka suka koma, ba birane kaɗai ba.

Akwai kuma masu ganin ba shiru ba ne, yarda ce. Sardauna Ahmadu Bello ya zauna a Gusau tun 1938 yana kula da gundumomin gabashin masarautar Sakkwato, ya san sarakunan Zamfara, su ma sun san shi. Ɗan Gummi, Abubakar Mahmud Gumi, wanda shi ma ya koyar a Maru, ya zama babban alƙalin alƙalan Arewa a 1962, na hannun daman Sardauna. Ana iya cewa yankin ya ga ƙofa a buɗe, ya shiga. Amma ɗaukakar malami guda ba ta faɗa mana abin da ke ran manomin Bukkuyum mai biyan haraji da jangali.

A nan sawun yake ɓacewa. Takardun Lardin Sakkwato da ke ajiye a ma'adanar tarihi ta Kaduna, Razdan da Di'o ne suka rubuta yawancinsu, kuma ido a kan kuɗin haraji da aikin alƙalai da halin hakimai suka rubuta. Abin da talaka ya ce, ta bakin hakimi da tafinta ya isa takarda, in ya isa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, wasiƙun masu karatun boko take ɗauka, su kuwa 'yan kaɗan ne a waɗannan gundumomi. Don haka rashin ƙorafi a rubuce ba ya tabbatar da yarda, ba ya kuma tabbatar da danniya.

Abu ɗaya dai ya hana ni karɓar bayanin yarda gaba ɗaya. Mulkin kai na 1959 bai taɓa dangantakar Anka da Sakkwato ba, Jihar Arewa maso Yamma ta 1967 da Jihar Sakkwato ta 1976 ma daga Sakkwato aka mulke su. Da neman rabuwa ya fito fili har aka ƙirƙiro sabuwar jiha ranar 1 ga Oktoba 1996, sunan da aka raɗa mata shi ne na tsohuwar daular da Anka ta riƙe sarautarta: Zamfara. Sunan da ya iya haɗa kan jama'a a 1996, da wuya a ce a 1959 ba ya bakin kowa.