YARO MAI ƘIRINIYA: DAGA ZAUREN MALAM A NEW BELL ZUWA ƊAKIN LIKITA



Da wuya a sami gidan da ba a taɓa jin wannan ƙorafi ba: "Yaron nan ba ya ji." A aike shi sayen gishiri, ya dawo da ashana. A makarantar allo malam ya gaji da ɗaga bulala, a ta boko an aiko da takarda cewa yana hana aji karatu. Wasu su ce ƙiriniya ce, wasu su ce rawar kai, wasu kuwa su ce baki ne ya kama shi ko iska ta shafe shi. Yau bari mu waiwayi tarihi, mu ga yadda magabatanmu suka riƙe irin wannan yaro a garin nan, da abin da ya sauya daga baya.

Fatauci ne ya kawo Hausawa gaɓar teku. Sun ratso Adamawa daga Kano da Katsina da Zazzau, suna neman goro da hauren giwa da danƙo. Jamusawa sun ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala a 1884, daga bisani suka ƙudura ƙwace filayen zuriyar Bell da ke kusa da kogin Wuri, irin su Bonanjo da Bonapriso, su tura 'yan ƙasa can ciki, bayan wani fili mai faɗin kilomita 1 da aka bari ba kowa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. A watan da ya biyo baya sojojin Ingila da Faransa suka karɓe garin. Sabuwar unguwar da aka yanka, wato New Bell, sai baƙi suka cika ta: Hausawa, Bamileke, Basa da mutanen Afirka ta Yamma.

Bahaushen da ya sauka a nan ya zo da hajarsa, ya kuma zo da tsarin zamansa: sarkin Hausawa, liman, malamin allo, mahauci, wanzami. A cikin wannan tsari akwai wata doka da ba a rubuta ba, cewa ɗa na kowa ne. Yaro yakan yi kusan shekara 2 a bayan uwarsa, a yaye shi a wajen kaka ko goggo, daga nan ya faɗa hannun unguwa baki ɗaya. Duk babban da ya gan shi yana da ikon tsawata masa, yana kuma da ikon aikensa.

Aike shi ne makarantar farko ta hankali. Yaro ɗan shekara 4 ko 5 za a danƙa masa kuɗi a ce ya je gidan wance, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida, ya faɗi saƙo, ya kawo canji. A wannan 'yar tafiya ya koyi riƙe magana a ka, da kauce wa abin da zai ɗauke masa hankali a hanya, da sanin wa ake kira Inna, wa ake kira Hajiya. Enid Schildkrout, wata Ba'amurkiya da ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa yara ne ƙafafun matan kulle: su ke talla, su ke cefane, su ke kai labari daga gida zuwa gida. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya yana da amfani a irin wannan zama, domin shi ake fara kira idan saƙo na gaggawa ne.

Da dare kuma ga tatsuniya, wadda ba a fara ta sai masu sauraro sun amsa, ba kuma a jin daɗinta sai an natsu an bi Gizo da Ƙoƙi har ƙarshe. A dandali akwai langa da gaɗa da 'yar carafke, inda yaro ke koyon jiran layinsa da haƙurin faɗuwa. Ko makarantar allo, kowa da allonsa, kowa yana karatu da ƙarfi yana rangaji, ba a wanke wa yaro sai ya iya, ko da kuwa tsararsa sun wuce shi.

Kada mu yi wa da kwalliyar da ba ta da ita. Yaron da ƙiriniyarsa ta wuce misali yakan sha dukan da ya fi ƙarfin laifinsa. A sa masa suna gagararre, a ba da shi riƙo, ko a haɗa shi da malami mai tafiya nesa don a huta. Yarinyar da hankalinta ke yawo kuwa, tunda ba ta da hayaniya, sai a ce sakarci ne, a wuce wurin.

Duk da haka, ilimin zamani ya shaida ƙarfin renon da jama'a ke yi tare, kuma a ƙasar nan aka gwada. Marigayi Farfesa Bame Nsamenang, ɗan ƙabilar Nso, ya bayyana a littafinsa na 1992 cewa a Afirka ana auna girman yaro ne da irin nauyin da zai iya ɗauka a cikin mutane. A 2017 masu bincike na jami'ar Osnabrück ta Jamus suka fitar da sakamakon wani gwaji: an ajiye wa yara 'yan shekara 4 abin kwaɗayi, aka ce wanda ya jira minti 10 bai ci ba za a ƙara masa. Cikin 'ya'yan manoman Nso, waɗanda aka ajiye wa fanke, kusan kashi 70 cikin 100 sun jira. Cikin yaran Jamus kuwa kashi 28 ne kacal.

To, ashe tarbiyya kaɗai ta isa? A'a. Likitoci sun daɗe da lura cewa akwai yaran da rashin natsuwarsu daga halitta take. Alexander Crichton ya rubuta a kai a 1798. George Still ya yi lacca a kai a Landan a 1902. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ba larurar sunan ƙarancin mayar da hankali, wadda a asibitocinmu za ku ji ana ce mata TDAH da Faransanci. Binciken da aka tattara daga sassan duniya ya nuna tana shafar kimanin yara 5 cikin 100, kuma gado ne mafi rinjayen dalilinta. Ba a yanke hukuncinta sai alamun sun kai wata 6, sun bayyana kafin shekara 12, an gan su a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, suna kuma cutar da rayuwar yaron.

Abin da ya sauya a New Bell shi ne wuraren da irin wannan yaro ke fakewa sun ƙuntata. Bayan 'yancin kai na 1960 boko ya zama hanyar da kowa ke bi, kuma boko yana son ɗan shekara 6 ya zauna a benci sa'o'i, cikin aji mai cunkoso, yana sauraron harshen da ba shi ake yi a gidansu ba. Dandali ya zama shaguna da ɗakunan haya. Titi ya cika da 'yan benskin, uwa tana tsoron aiken ƙaramin yaro. Wayar hannu ta gaje gurbin kaka, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce sa'a 1 a rana yana kallonta.

Babbar asarar tana faruwa ne a tsakanin tsara. Yaron da ke katse wasa, yana fizge abin wani, yana kasa jiran layi, abokai kan janye daga gare shi da wuri. Idan ya wayi gari gida duka, makaranta duka, waje kuma ba mai wasa da shi, sai ya yarda cewa shi mugu ne, ya je neman waɗanda za su karɓe shi a tasha.

Don haka, iyaye, idan ƙiriniya ta zarce ta tsararsa, a fara duba ji da gani da barci da ƙarancin jini, a kai shi ga likitan yara, a Laquintinie ko wani asibitin da ya sawwaƙa. Ga ƙanana, likitoci kan fara ne da koya wa iyaye dabarun riƙo kafin a yi zancen magani. Addu'a da tofi ba su hana ganin likita. A gida kuma mu farfaɗo da abin da muka gada: aike gajere, saƙo ɗaya a lokaci ɗaya, yabo idan ya cika shi, tatsuniya kafin barci, da wasa da tsara a gaban idon babba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfi karya shi yake yi.

A unguwarku, me ake kiran irin wannan yaro, kuma yaya kakanninku suka bi da shi? Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu haƙurin renonsu. Amin.