YINI GUDA A BIRNIN DABO

A hutun ƙarshen zangon da ya gabata na ba ɗalibaina aikin rubuta labari a kan unguwarsu. Da na zo dubawa sai na tarar kusan duk labari ɗaya ne: ƙaton gida, doguwar mota, yarinya kyakkyawa. Babu wanda ya ambaci sunan lungunsu, balle ya tambayi inda sunan ya samo asali. Wannan ne ya sa na ware wata Asabar na zaga Kano tun daga hantsi har tsakar dare, domin in gani ko gari zai iya ba da tarihinsa da bakinsa. Ga abin da na samo, ya 'yan'uwa marubuta.

Na fara da hawa Dutsen Dala bayan na karya da koko da ƙosai. A nan ne littafin Tarihin Kano ya ce Barbushe ya zauna yana hidimar Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda a wajen shekarar 999. Wato ke nan sarkin farko da aka lissafa wa Kano shi kansa baƙo ne. Mai karatu ya riƙe wannan magana, don za mu yi ta cin karo da ita.

Daga Dala na gangara Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa. Unguwannin da ke zagaye da ita kowacce sunanta shaida ne. Ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Ayagi ta Yarabawa. Alfindiki kalmar Larabci ce mai nufin masauƙin fatake. Dandalin Turawa kuwa ba Turawan Ingila ake nufi ba, Larabawan Arewacin Afirka ne, domin su aka fara kira Turawa a ƙasar Hausa. Da Bajamushen nan Barth ya iso Kano a 1851, ya yi mamakin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Sai dai kada mu ɓoye gaskiya: a wannan kasuwa an sayar da bayi kamar yadda aka sayar da gishiri da kanwa. Marubucin da zai yi kirarin Kurmi dole ya tuna da su.

Da azahar yunwa ta kai ni Jakara, inda na ci gurasa bandashe, an barbaɗa mata ƙuli da yaji da albasa. Yau kowa ya ce gurasa ya ce Kano, alhali Larabawa ne suka zo da ita, kamar yadda sunanta ya nuna. Bakano ya karɓe ta, ya zuba mata ƙulinsa da man gyaɗarsa, ta zama 'yar gida. Na kuma biya ta Agadasawa na sayi kilishi, unguwar da sunanta ke tuna mana ayarin raƙuman Azbin.

La'asar ta same ni na fita ta Ƙofar Mata, na wuce marinar da har yanzu ake tsoma zane a baba. A nan zuciyata ta ɓaci. Ganuwar da aka ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa a ƙarni na 12, a wurare da dama ta zama tudun ƙasa, wani wurin ma shaguna sun hau kanta. Abin da igwar Turawa ba ta gama da shi ba a 1903, mu muna ƙarasa shi da shebur.

Waje kuma wani babi ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, har aka riƙa jera buhuna dala-dala, sunan Alhasan Ɗantata ya cika ƙasa. Kwarori, wato mutanen Sham da Labanan, suka kafa kantuna a Fagge, shi ya sa muke cewa Kantin Kwari. Ma'aikatan jirgi da akawuna daga Kudu kuwa aka yanka musu Sabon Gari a wajen 1913, nesa da birni, bisa tsarin Turawa na raba baƙo da ɗan gari. Ɗacin wannan rabuwa an ɗanɗana shi a rikicin 1953.

A Sabon Garin na yi dare. Titin Faransa da Titin Ibo cike suke da fitilu da kiɗa, ana sayar da sakwara da farfesun kan akuya, ga mai tsire Bahaushe a gefe yana fifita wuta. A wannan yanki aka buɗe silimar Rex a 1937, silimar El-Duniya kuma ta ƙone a 1951, mutum fiye da 300 suka rasu. Fina-finan Indiya da iyayenmu suka kalla a irin waɗannan gidaje su ne suka bar tambari a littattafanmu na soyayya. Yau yawancinsu sun rufe, kuma tun da aka ƙaddamar da Shari'a a 2000 hirar dare ta canza kama.

A teburin mai shayi na rufe yinin, tsakanin wani Bayarabe da wani Babarbare, duk muna hira da Hausa. A nan na gane cewa Kano baƙi ne suka gina ta tare da 'yan gida, kuma duk lokacin da ta rungumi baƙo sai ta ƙaru.

Don haka, ɗan'uwa mai sha'awar rubutu, kafin ka kai jarumarka Landan, fara kai ta bakin lungunku. Tambayi tsohuwar da ke tuya ma'anar sunan unguwarku tun tana da rai, domin ganuwar da ta faɗi ba ta magana. Allah Ya sa mu dace, amin.