Daga Durban zuwa Bagega: Rawar ƙungiyoyin farar hula a yaƙi da ƙanjamau

Maganin da mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV ke karɓa kyauta a asibitin gwamnati, a Anka ne ko Gummi ko Bukkuyum, yana da tarihin da ba a rubuta a jikin kwalbarsa ba. A ƙarshen shekarun 1990, kuɗin maganin mutum ɗaya na shekara guda ya haura dala 10,000. Ba tausayin gwamnatoci ko na kamfanoni ne ya karya wannan farashi ba. Masu cutar ne da kansu, da ƙungiyoyin da suka mara musu baya, suka ƙwato shi da zanga-zanga da shari'a.

Tun a 1983 wasu masu cutar suka hallara a birnin Denver na Amurka, suka ce ba su yarda a yanke hukunci a kan rayuwarsu ba tare da su ba. A 1994 ƙasashe 42 suka amince da wannan ƙa'ida a taron Paris. Da hukumar UNAIDS ta fara aiki a 1996, sai aka ware wa ƙungiyoyi kujeru biyar a majalisar gudanarwarta, ko da yake ba su da ƙuri'a.

A Afirka ta Kudu aka yi babban gumurzun. Ranar 10 ga Disamba, 1998, Zackie Achmat da abokan gwagwarmayarsa suka kafa ƙungiyar TAC. A watan ne kuma aka kashe Gugu Dlamini a kusa da Durban, bayan ta bayyana wa duniya cewa tana ɗauke da cutar. Achmat, wanda shi ma yake da ita, ya ƙi shan magani har sai an samar wa talakawa. A lokacin, kamfanonin magunguna 39 suna ƙarar gwamnatin ƙasar a kan dokar da za ta ba ta damar shigo da magani mai araha. TAC ta shiga shari'ar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta tara sa hannun dubban ɗaruruwan mutane, kunya ta ishi kamfanonin, suka janye ƙarar a Afrilun 2001. Watanni biyu kafin nan, kamfanin Cipla na Indiya ya yi wa MSF tayin maganin shekara a kan dala 350, wato ƙasa da dala ɗaya a rana. A Nuwamban shekarar, sanarwar Doha ta tabbatar da cewa haƙƙin mallakar fasaha ba zai hana ƙasa kare lafiyar jama'arta ba.

Bayan farashi sai kuɗi. A Abuja ne, a Afrilun 2001, Kofi Annan ya yi kiran a kafa asusu na duniya, kuma a taron ne shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, alkawarin da gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Asusun Global Fund ya tsaya da ƙafarsa a 2002, kuma uku daga cikin kujeru 20 masu ƙuri'a a majalisarsa na ƙungiyoyi ne da masu fama da cututtukan. Shirin PEPFAR na Amurka ya biyo baya a 2003.

A Najeriya, gamayyar masu ɗauke da cutar, NEPWHAN, ta kafu a 1998. Shirin gwamnati na 2002 ya nufi manya 10,000 da yara 5,000 ne kawai, ana biyan naira 1,000 a wata. An soke kuɗin a 2006, sannan aka samu dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014.

To, ina yammacin Zamfara a wannan labari? Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da cutar a Najeriya, Arewa maso Yamma kuma ita ce mafi ƙaranci da kashi 0.6. Abin farin ciki ne, amma yana da nasa lahanin: inda adadi ya yi ƙasa, hankalin masu ba da tallafi ba ya zuwa, kuma mai cutar ya fi jin kaɗaici da tsoron bakin mutane. Ga kuma 'yan bindiga. Maganin HIV ba ya son tsallake, alhali wanda aka kora daga ƙauyensa, ko wanda zai bi hanyar Anka zuwa Gummi da fargaba, ba kullum zai isa asibiti a ranar da aka sa masa ba. Kujerar da aka ƙwato a Geneva tana da nisa da shi ƙwarai.

Sai dai yankin ya taɓa ganin irin wannan gwagwarmaya da idonsa, a kan wata cutar daban. A Maris na 2010 MSF ta gano gubar dalma daga niƙan dutsen zinare tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Yara fiye da 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, aka bar Bagega, inda yara kusan 1,500 ke jira. Likitoci ba su iya fara magani ba, domin yaron da aka wanke wa jini, in ya koma gidan da gubar take, aikin banza aka yi. A Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, sannan ta yi shiru. Human Rights Watch da MSF suka yi ta matsa lamba, wasu matasa ƙarƙashin Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi suka ƙaddamar da gangamin SaveBagega a intanet, suna tambayar inda kuɗin ya maƙale. A Janairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya saki kuɗin, a Afrilu aka fara yi wa yaran magani. Dabarar ita ce ta TAC: a riƙe alƙaluma, a kama gwamnati da alkawarin bakinta, a ƙi yin shiru. Bambancin shi ne, a Bagega yawancin muryoyin daga waje suka zo, kuma MSF ta miƙa aikin dalma ga gwamnatin jiha a 2022.

Yanzu lissafin ya sauya. A Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya ta rushe hukumar USAID. Gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen ƙunshin magani 150,000, a ƙasar da ke da masu cutar kusan miliyan biyu. Nauyin yana dawowa kan kasafin Abuja da na Gusau.

Akwai dai makami guda. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta hau kan jihohi ma. Ƙarar ta samo asali ne a 2014, lokacin da wasu 'yan farar hula suka nemi hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jihar Edo ta nuna yadda ta kashe kuɗin tallafi, ta ƙi. Bisa wannan hukunci, duk wata ƙungiyar matasa a Gummi ko Bukkuyum tana iya rubuta wa ma'aikatar lafiya a Gusau ta nemi bayanin abin da aka ware da abin da aka saki, kuma kwana bakwai doka ta ba ma'aikatar ta amsa.