Kiyaye Yara Daga Haɗarin Hanya a Ƙofar Makaranta: Ƙaramar Hukumar Bagudo

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana cikin Masarautar Gwandu, kuma tana iyaka da Jamhuriyar Benin. Hanyoyin da suka ratsa garuruwanmu irin su Bagudo da Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya hanyoyi ne na fatauci, waɗanda motocin kaya da 'yan kabu-kabu ke bi safe da yamma. Su ne kuma 'ya'yanmu ke tsallakawa sau biyu a rana, wasu har sau huɗu in an haɗa da Islamiyya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen halaka masu shekara 5 zuwa 29. A ganinmu, lokacin tashi daga makaranta ya fi na zuwa haɗari, domin da safe yara na isowa ɗaya bayan ɗaya, amma da an buga ƙararrawa sai su fito gaba ɗaya a guje.

Ya kamata a fahimci abin da gudu ke nufi. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, wato iyakar da aka ƙayyade wa cikin gari, tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. Kafin ƙafar direba ta kai ga birki, ta riga ta shafe wannan tazara. Babbar mota mai lodi ta fi haka wuyar tsayawa, direbanta kuma ba ya ganin ƙaramin yaron da ke daf da gabanta. Wannan ne dalilin da ya sa taron ministoci na Stockholm a 2020 ya ba da shawarar kilomita 30 a wuraren da masu tafiya a ƙasa ke cuɗanya da ababen hawa. Lokacin hunturu, hazo na ƙara rage nisan da direba ke hangowa.

Muna kira ga iyaye da su sauke yaro a gefen da makaranta take, kada a ajiye shi a tsallake a ce ya ƙetara da kansa. Ɗora yara huɗu ko biyar a kan babur guda ya zama ruwan dare, amma yawan yinsa bai rage haɗarinsa ba. Tun 1972 Nijeriya ke tuƙi a hannun dama, kamar Benin, saboda haka a koya wa yaro ya duba hagu, ya duba dama, ya sake duba hagu kafin ya taka kwalta. Inda babu gefen tafiya, ya bi ɓangaren da zai fuskanci motocin da ke tahowa.

Ga shugabannin makarantu da kwamitocin gudanarwa, aikin da ya fi sauƙi shi ne ajiye malami ko dattijo a bakin hanya lokacin tashi, a kuma sallami 'yan ƙananan azuzuwa da farko. Masu tallan abinci a shigo da su cikin harabar makaranta, domin su ne ke jan yara zuwa tsallake. Inda fili ya ba da dama, a mayar da ƙofa ɓangaren da ba ya kallon babbar hanya.

Buƙatar allon gargaɗi ko tudun rage gudu a miƙa ta a rubuce ta hannun Sakataren Ilmi da uban ƙasa. Kada jama'a su gina tudun da kansu, domin wanda ba shi da alama yakan kayar da masu babur da dare. In haɗari ya auku, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122.